Farautar Elk da Kwari da Baka a Amurka

A duwatsun Roki na Amurka akwai wata babbar dabba, dangin barewa, ana kiranta elk. Namijinta yakan kai laba 700. Maharba sukan fita nemanta a watan Satumba, lokacin barbara, su kwaikwayi kukan namiji don su jawo shi kusa, gama kibiya ba ta da tabbas bayan yadi 40.

Shawararmu ga sabon maharbi, ya fara da ƙaramar barewa tukuna. Farautar elk tana bukatar lasin tun da wuri, da jimirin hawan dutse, da ƙarfin sauko da nama kafin ya ɓaci. A Jihar Kolorado kuwa, barin naman a daji laifi ne. To, wanda ba zai iya ɗauka ba, kada ya saki kibiya.