Kufan Alƙalawa Yana Bukatar Masu Sani

Duk wanda ya tashi a wannan gefe na ƙasar Gobir, ko a Tsamaye aka haife shi, ko Sabon Birni, ko wajen Isa, ya ji labarin Alƙalawa tun yana yaro. Nan ne Bawa Jan Gwarzo ya yi sarauta, nan kuma Yunfa ya faɗi cikin 1808, sa'ad da rundunar Muhammadu Bello ta ci birnin. Yau kufai ne a gefen Gulbin Rima. Labarin kam yana bakin makaɗa da tsofaffi. Abin da ke damunmu shi ne kayan da ke binne cikin ƙasa.

Mutane da yawa suna tsammani aikin gidan tarihi gadi ne kurum, watau a ba mutum makulli da tsintsiya. Ba haka ba ne, sana'a ce da ake koyo kamar ƙira ko dukanci. In manomi ya tono tukunya ko bakin mashi yana huɗa, ma'aikacin da ya sami horo ba ya ɗauka sai ya rubuta inda aka samu, da zurfin ramin, da abin da ke kwance kusa. Sa'an nan ya sa lamba, ya shigar a littafi, ya tsare abin daga laima da tsatsa. Tukunyar da aka cire ba rubutu ta zama bebiya, ko an kai ta Ingila an sa cikin gilashi ba ta iya faɗin zamanin da aka gina ta. Ɓarnar kuwa ba zato muke yi ba, gama cikin 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa gumakan yumɓu na ƙasar Sakkwato da Katsina cikin jerin kayan da aka fi sacewa.

Wurin koyo akwai shi tun da daɗewa. Bernard Fagg ya buɗe gidan tarihi na Jos cikin 1952, cikin 1963 kuma aka kafa makarantar ma'aikatan gidajen tarihi a can da taimakon UNESCO, har daga ƙasashen da Faransa ta mallaka ana zuwa karatu. Ga kuma gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, inda mai koyo zai ga yadda ake adana tsofaffin takardu.

To, rashin zaman lafiya na shekarun nan ya sa baƙo ba ya shiga wannan ƙasa da sauƙi, ko da masani ne. Saboda haka muna roƙon sarakuna da ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa su zaɓi samari da 'yan mata, ko da biyu biyu ne, a aika su Jos. Ɗan gari ya san wane tsoho ne ke riƙe da jerin sarakuna a ka, manomi kuma zai fi yarda ya nuna masa abin da ya tsinta da ya miƙa wa dillali. In sun komo, aikinsu na farko shi ne su auna abin da ya rage na kufan, su ɗauki muryar tsofaffin nan tun suna raye.