Me ya sa Linux ya rabu gida-gida?

Duk wanda ya yi niyyar barin Windows ya koma Linux, tambayar da zai fara cin karo da ita ita ce: wane Linux? Ga Debian, ga Ubuntu, ga Fedora da Arch da Mint, ga wasu ɗaruruwa. Dukkansu a kan ginshiƙi ɗaya suke zaune, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, amma kowanne da irin kayan da yake ɗorawa a kai.

Lasisin GPL ne ya buɗe ƙofar. Ya yarje wa kowa ya kwashi manhajar, ya gyara, ya rarraba, muddin ya bar nasa gyaran a buɗe. Shi ya sa da zarar an saɓa, sai wani ɓangare ya tattara ya-nasa-ya-nasa ya kafa nasa. Da Debian ya rungumi systemd, manhajar da ke tayar da sassan na'ura idan an kunna ta, waɗanda abin bai kwanta musu ba suka ɓalle a 2014 suka kafa Devuan.

Mai rubuta manhaja ne ke shan wuyar. Sai ya ƙunsa ta a tsarin deb saboda dangin Debian, ya sake ƙunsawa a rpm saboda dangin Fedora. Aka ce to a samar da tsari guda da zai yi wa kowa aiki, sai ga uku: Snap, Flatpak da AppImage. Mint ma, wanda daga Ubuntu ya tsiro, toshe Snap ɗin Ubuntu ya yi a 2020. Wannan kam ɓata ƙarfi ne.

Sai dai masu kukan rarrabuwa kan manta da ranarta. A Disambar 2020 kamfanin Red Hat, wanda IBM ya saya a 2019, ya ce zai daina kula da CentOS 8, wani gida na Linux, a ƙarshen 2021, alhali da 2029 aka sa. Kamfanoni da jami'o'in da suka ɗora manyan kwamfutocinsu a kansa suka rasa tudun dafawa. Cikin watanni kaɗan AlmaLinux da Rocky Linux suka fito suka maye gurbin, na biyun ma a hannun Gregory Kurtzer, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa CentOS. Amma da Microsoft ya janye hannu daga Windows 10 a Oktoban 2025, ba wanda doka ta ba ikon ɗaukarsa ya ci gaba da gyarawa.