Tsirrai Masu Cin Ƙwari da Matsalar Ƙudan-Tsami a Gidajen Batsari da Safana

Duk wanda ya yi zama a ƙasar Batsari ko ta Safana daga watan Afrilu zuwa faɗuwar damina, watau lokacin da mangwaro ke nuna, ya san ƙananan ƙudajen nan masu jajayen idanu da ke yi wa 'ya'yan itace da gasara da tumatir rubdugu. Masana kimiyya suna kiransu Drosophila melanogaster. Mu kuwa a wannan takarda za mu kira su ƙudan-tsami, domin ƙanshin abin da ya fara tsami ne ke jawo su. Tambayar da muka sa gaba ita ce, shin tsirrai masu cin ƙwari za su iya maye gurbin fiya-fiya, wadda matan gida da dama ke yayyafawa kusa da abinci?

Tambayar ba ta wasa ba ce. Gubar da ke cikin fiya-fiya, watau dichlorvos, tana taɓa jijiyoyin mutum kamar yadda take taɓa na ƙwaro, kuma yara ƙanana sun fi kowa shiga haɗari. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalabenta a 2019.

Tun a 1875 Charles Darwin ya wallafa littafi a kan waɗannan tsirrai, inda ya nuna cewa suna narkar da ƙwaro ne don su sami sinadaran da ƙasar da suke tsirowa a ciki ta rasa. Wadda ta fi suna, Dionaea, 'yar jihohin Karolina na Amurka, ba ta da wani amfani a nan: ganyenta ba ya rufewa sai an taɓa gashinsa sau biyu, ƙudan-tsami kuwa bai wuce milimita 3 ba, yakan sulale ta tsakanin haƙoran tarkon. Wadda ta dace ita ce Drosera, mai ganye lulluɓe da gashi, kowane gashi da ɗigon danƙo a kansa mai ƙyalli kamar raɓa. Ba baƙuwa ba ce ga Afirka ta Yamma, domin Drosera indica tana fitowa a fadamu masu yashi da damina.

To amma akwai cikas biyu. Na farko lissafi ne. Macen ƙudan-tsami takan saka ɗaruruwan ƙwai a rayuwarta, kuma cikin kwana 10 ko ƙasa da haka ƙwan ya zama ƙuda in da ɗumi. Tsiro ɗaya a bakin taga zai kama 'yan kaɗan, alhali ɓawon mangwaro guda da aka manta a bayan randa yana ƙyanƙyashe ninkinsu.

Na biyu ya fi nauyi, shi ne ruwa. Saiwar waɗannan tsirrai ba ta jure gishirin da ke cikin yawancin ruwan rijiya da na burtsatse, kuma taki, ko na gida ko na zamani, kashe su yake yi. Ruwan sama suke so, a cikin yashi wankakke wanda ba ya bushewa. Ke nan sai an tara ruwan damina an adana shi na wata bakwai ko takwas, a gidajen da ruwan sha ma sai an sha tafiya. Ga kuma hunturu, wanda ke busar da danƙon ganyen, tarkon ya tashi daga aiki.

Saboda haka ba mu ba da shawarar magidanci ya dogara da su ba. Abin da muka fi gamsuwa da shi ya fi sauƙi: a rufe gasara da kullu, a fitar da ɓawo kullum kafin magariba, sa'an nan a jefa ɗan nunannen mangwaro cikin kwalba, a naɗe takarda kamar mazurari a toshe bakin da ita. Ƙudan ya shiga, fita ta gagare shi. Gurbin Drosera a ganinmu shi ne ɗakin gwaje-gwaje na makarantun sakandare, inda ɗalibai za su ajiye tukunyarta da irin wannan kwalba a taga ɗaya, su riƙa ƙidaya abin da kowacce ta kama har mako biyu.