Ƙaro Karatu Tsakanin Ma'aikatan Jinya a Gaya: Riba da Giɓi

A Gaya, da ke bakin kogin Isa daura da Malanville ta Benin, kusa da Kamba ta jihar Kebbi, ma'aikacin jinya kan ɗauki nauyin da ya fi takardarsa. A galibin cibiyoyin lafiya na karkara da ake kira CSI, shi ne majo: shi ke duba marar lafiya, ya rubuta magani, ya yanke shawarar wanda za a tura asibitin gunduma. Yankin na cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Nijar, don haka zazzaɓin cizon sauro kan cika gadaje da damina. A nan ne ma aka ƙaddamar da allurar rigakafin cutar a ƙasar cikin Satumban 2024.

Wannan nauyi shi ne dalili na farko da ke mayar da ma'aikata aji. Wanda ya ga mai naƙuda na buƙatar tiyata, alhali babu mai ba da maganin sa barci a kusa, ya san amfanin ƙwarewa. Na biyu shi ne tsarin aikin gwamnati, inda matsayi da albashi ke bin takardar shaida. Wanda ya fito daga makarantar ENSP ta Yamai ko ta Damagaram yakan nemi digiri na biyu domin ya hau mataki. Na uku kuma ƙungiyoyin agaji ne, masu biyan albashi mai tsoka ga wanda ya karanci lafiyar al'umma a cibiyar ISP ta Yamai ko IRSP ta Ouidah.

Ribar a fili take: gano cuta da wuri, lissafin magunguna mai tsafta, da masu horar da na baya. Sai dai karatun a manyan birane yake, kuma babbar takarda ta fi kai mai ita ofis fiye da bakin gadon majinyaci. Idan majo ya tafi, ƙaramin ma'aikaci ake bar wa cibiya, wani lokaci na tsawon shekaru.

Hana ma'aikatan tafiya zalunci ne, kuma ba zai tsayar da kowa ba. Abin da ya dace shi ne hukuma ta ɗauki nauyin karatun bisa sharaɗin dawowa aiki a gundumar, ta turo madadi kafin a tafi, sannan ta buɗe matakan girma ga ƙwararren da ya zaɓi ci gaba da jinya da hannunsa. Matuƙar girma na ofis ne kaɗai, Gaya za ta yi ta horarwa, Yamai na kwashewa.