Gyaran Rumbu Tun Ruwa Bai Sauka Ba

Noma ba ya ƙarewa ran da aka ɗaure dami. Manomin da ya sha rana wata biyar, ya yi firi ya yi maimai, ya kori tsuntsu, sa'an nan ya kwashi amfanin ya zuba cikin rumbu mai yoyo, to, gara da ɓera ya yi wa ƙwadago. Irin wannan hasara ba ta da ƙara. Kaɗan kaɗan take tafiya, sai ran da mai gida ya buɗe rumbu cikin marka, lokacin da hatsi ya yi tsada a kasuwa, ya tarar rabi ya zama gari. Ko da kashi ɗaya cikin goma ne ya lalace, mai buhu 20 ya rasa buhu 2 ke nan, bayan ya riga ya biya kuɗin taki da na lebura a kansu.

A ƙasar Argungu da Birnin Kebbi wannan magana ta fi nauyi, saboda dalilai biyu.

Na farko shi ne gulbi. Gulbin Rima ya haɗu da na Sakkwato kusa da birnin Sakkwato, ya gangaro ta Augie da Argungu, ya wuce Birnin Kebbi, kafin ya faɗa Kwara. Shi ne ke ciyar da fadama, shi ne kuma kan ci gari in ya cika. An ga haka a 2010, lokacin da ruwan madatsar Goronyo ya malalo, aka sake gani a 2012, sa'an nan a 2020 ambaliya ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Jihar Kebbi, ta rushe gidaje. Ginin ƙasa kuwa in gindinsa ya kwana cikin ruwa, daga ƙasa yake narkewa ya zube da abin da ke cikinsa.

Na biyu shi ne noman rani. A da, in an gama yankan shinkafar fadama, mai gida ya sami sarari ya waiwayi gida, ya yi yaɓe, ya yi baibaya, ya ɗaure danga. Yanzu kuwa, da zuwan injin ban ruwa da rijiyar burtsatse, balle tun 2015 da aka buɗe shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi, mutane da yawa a fadama suke yini daga hunturu har bazara. Watau watannin da aka saba gyaran gida cikinsu, noman rani ya cinye su. Shinkafar rani kuma wajen Afrilu da Mayu take zuwa gida, daidai lokacin da hadari ya fara haɗuwa. Saboda haka dole mai gida ya yanke wa gyaran rumbu ranakunsa, kamar yadda yake yanke wa shuka.

Mazaunin rumbu

Abin da za a fara dubawa shi ne inda rumbu yake zaune. A ƙauyukan bakin fadama tsofaffi sun san iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa, sau da yawa ma alamarsa tana nan jikin bango ko gindin itace. Wanda zai gina sabon rumbu ya tambaya, ya kafa shi sama da wannan iyaka, ko da wurin ya ɗan yi nisa da ɗaki. Wanda gidansa duka a kwari yake, gara ya nemi ajiya wurin ɗan'uwa a tudu, ya bar na ci kaɗan a gida.

Rufewa, watau rumbun ƙasa wanda mutanen yamma ke ce wa ruhewa, kan duwatsu ake ɗora ta don kada damshi ya hau, iska kuma ta riƙa ratsawa ta ƙarƙashi. Kowace shekara a leƙa a gani ko wani dutse ya nutse ko ya karkace. Dutse ɗaya in ya goce, nauyi ya koma gefe guda, daga nan bango ya fara tsagewa. A share ƙarƙashin tas, a kwashe tarkacen da mata da yara kan tura ciki, su tsohuwar tabarma da kara da itacen girki, don nan ɓera ke sheƙa, nan kuma gara ke samun tsani. In an ga hanyar gara a jikin dutse a kankare ta nan take, a zuba toka. Kaji kuwa a bar su su yi ta tono a wurin, aikin gayya suke yi wa mai rumbu.

Bayan haka a tona 'yar magudana kewaye, a ba ta gangara zuwa waje, don ruwan da ya zubo daga jinka kada ya kwanta a gindi.

Yaɓe

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A rumbu, ba ƙadangare kaɗai ba, har ruwa da ƙwaro. Ƙaramin ɓera ma ramin da fensir zai shiga ya ishe shi.

Yaɓe aikin rani ne, daga Janairu zuwa Maris, lokacin da ƙasa za ta bushe sarai. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kwaɓa ƙasa yau a shafa yau. Yadda magina ke yi, a sami jar ƙasa mai danƙo ko ƙasar suri, a zuba ramno, watau yankakkiyar ciyawa, ko ɓuntun shinkafa, da kashin shanu, a tattaka, a bar ta ta kwana uku ko huɗu ana yayyafa ruwa ana sake tattakawa. Ciyawar ita ke riƙe ƙasar kada ta dare in ta bushe. Kafin a shafa, a ɗan buɗe bakin tsagar da wuƙa, a kakkaɓe ƙura, a jiƙa wurin. Ɗanyar ƙasa ba ta kama busasshen bango. In tsagar babba ce a cike ta sau biyu, a bari na fari ya sha iska tukuna.

Daga waje, makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, tana sa yaɓe ya jure ruwa. Waɗansu kan ce su huta, su shafa siminti bisa bangon ƙasa. Amma siminti da ƙasa ba sa zama lafiya: bayan shekara ɗaya ko biyu sai simintin ya ɗago, ruwa ya shiga bayansa, gara ta yi gida inda ido ba ya gani. Daga ciki kuma a goge yaɓen ya yi sumul, don cikin 'yan ramukan bango ne ƙwaron bara ke ɓuya ya jira sabon hatsi.

Rumbun zana ko na kara, wanda ke kan ƙafafun itace, nasa gyaran dabam ne. A soka wuƙa a gindin kowace ƙafa. In ta shige da sauƙi, gara ta riga ta ci, sai a canja. A kuma sa wa kowace ƙafa hular kwano mai kama da mazurari a kife, sama da ƙasa kamar ƙafa 3, watau kusan mita 1, yadda ɓera in ya hawo zai ci karo ya faɗo. Amma fa hular banza ce in an jingina tsani ko galma a jikin rumbu, ko reshen itace ya sauko kansa.

Jinka

Jinka ita ce laimar rumbu, daga tsininta kuma take fara lalacewa. A hau a duba, a danna da hannu. Inda ciyawa ta yi baƙi ta ruɓe a zare a sa sabuwa, a sake ɗaure igiya. Bakin jinka ya zarce bango sosai, don ruwan farkon damina da iska yake zuwa, a karkace yake dūkan gini. Mai hankali tun ƙarshen kaka yake yanke shuci da gamba ya ajiye, kafin gobarar daji da dabbobi su riga shi. Wanda ya bari sai Mayu, da tsada zai saya, in ma ya samu.

Wanda ya rufa ɗakin ajiyarsa da kwano ya shiga da tsakar rana ya rufe ƙofa, ya ɗaga kai. Duk inda ya ga haske, nan ruwa zai bi. A ƙara kusa inda kwano ya ɗago, a liƙe huda, a yashe indararo.

Gobara ma abin tsoro ce cikin hunturu. Kada a kafa murhu kusa da rumbu, kada a jibga harawa ko kara a jikinsa, a kuma nome busasshiyar ciyawa kewaye da shi.

Shara kafin a zuba sabo

Wannan aiki ranar da rumbu ya zama wofi ake yinsa, gab da kaka ga mai gero da dawa, cikin Maris ga mai shinkafar rani. A kwashe ragowar tsohon hatsi duka, a share bango da ƙasa, a ƙone sharar nesa. A bar rumbun a buɗe rana ta gasa cikinsa kwana biyu ko uku. Dalili kuwa, macen ƙwaron hatsi ɗaya takan yi ƙwai ɗaruruwa, cikin ƙwayar hatsin take sa su, kuma da zafi irin na ƙasar nan cikin wata guda ƙwan ya zama ƙwaro mai haihuwa. Mudu ɗaya na tsohon hatsi da aka bari a lungu ya isa ya ɓata rumbu guda. Don haka ba a zuba sabo bisa tsoho. Tsofaffin buhuna ma a juya su, a kakkaɓe, a shanya.

Gero a zangarniyarsa ya fi daɗewa bisa wanda aka sussuke, shinkafa kuma shanshera ta fi jure ajiya bisa wadda aka cashe, don ɓuntun nan rigarta ce. Ganyen dogon yaro busasshe da toka, waɗanda kakanni suka saba sawa, suna rage ƙwaro, amma ba sa maye gurbin shara.

Bushewa

Kome kyan rumbu, in an zuba masa ɗanyen hatsi, fumfuna ce za ta biyo baya. Ma'aunin da masana suka tsayar ga shanshera shi ne damshinta kada ya wuce kashi 14 cikin 100, wadda za a ajiye don iri kuwa 12. Manyan injinan casa, kamar na WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017 da na Labana a Birnin Kebbi, busasshiyar shinkafa suke nema, saboda haka kuɗin manomi ma yana cikin wannan magana.

Wanda ba shi da na'urar awo yana da dabara biyu. Ya ciji ƙwaya: in ta karye ƙas, ta bushe. Ko kuwa ya sami kwalba busasshiya, ya zuba hatsi kamar sulusinta da cokali biyu na busasshen gishiri, ya toshe, ya girgiza, ya ajiye kaɗan. In gishirin ya manne jikin kwalba, da sauran shanya. A yi shanyar bisa tabarma ko tamfol ko daɓe, kaurin inci 2, ana juyawa a kai a kai. Shinkafar da aka bari rana ta ƙone ta gefe guda takan tsattsage, ta kakkarye wurin casa.

Fumfuna ba ɓata ɗanɗano kaɗai take yi ba. Akwai irin da ke kama gyaɗa da masara ta bar dafi mai lalata hanta, dafuwa kuma ba ta kashe shi. A Ingila aka gano shi, bayan talotalo fiye da 100,000 sun mutu a 1960 saboda ƙulin gyaɗar da aka ba su. Ɓera ma haka: ta fitsarinsa da kashinsa cikin abinci ake ɗaukar zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Barno.

Ga 'yan kasuwa da ma'aikata

Ɗan kasuwa mai sito, da akawun da kan sayi buhu biyar da kaka ya ajiye don iyali, su ma wannan magana ta shafe su. Buhu ba ya kwana a ƙasa. A jera katako ko azara a ɗora shi, a bar tazarar kamu guda tsakaninsa da bango, don iska ta kewaya, mutum kuma ya iya zagayawa ya duba.

Game da wake, akwai buhu mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta yaɗa a Afirka ta Yamma tun 2007: leda biyu a ciki, buhu ɗaya a waje. Ana matse iska a ɗaure kowanne dabam, ƙwaron da ke ciki ya rasa numfashi ya mutu, ba tare da magani ba. Sharaɗinsa biyu ne, waken ya bushe, ledar kuma kada ta huje.

Maganin fesa gona ko na sauro haram ne a zuba shi cikin abin da mutum zai ci. Saboda irin wannan magani da aka samu cikin wake ne Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya a 2015. Ƙwayar nan kuma da ake sawa cikin buhu tana fid da iska mai guba, iskar na kashe mutum kamar yadda take kashe ƙwaro. Kada a yi aiki da ita a ɗakin da ake kwana ko mai jingine da shi. Mai bukata ya nemi malamin gona na yankinsa ya nuna masa.

Duk aikin nan da aka lissafa, ga rumbu ɗaya, bai fi na kwana huɗu ko biyar ba in an raba shi: ciyawa a Nuwamba, yaɓe da jinka kafin ƙarshen Maris, magudana kafin ruwan fari, shara ran da rumbu ya zama wofi. Mafi yawansa kuma da ƙasa da ciyawa da hannun mutanen gida ake yi. Mai gida ya ware Jumma'a biyu ko uku da hantsi, ya tara samarin gidan, mata su kawo toka, a gama. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba. Allah ya ba da damina mai albarka, ya tsare abin da aka noma.