Daga Sarkin Makafi zuwa FNPH: yadda naƙasassun Nijar suka nemo haƙƙinsu

Duk wanda ke cin kasuwar Agye, Gazawa ko Gidan Rumji ya saba ganin makaho da ɗan jagora, ko gurgu bisa kekensa a bakin tasha. Abin da mutane da dama ba su sani ba shi ne waɗannan bayin Allah suna da ƙungiya ta ƙasa baki ɗaya, wato tarayyar ƙungiyoyin naƙasassu ta Nijar, FNPH, mai cibiya a Yamai. Su ne da kansu ke tafiyar da ita.

Haɗin kan naƙasassu ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun da can akwai Sarkin Makafi, Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, masu sasanta rigima tsakanin jama'arsu da raba abin da aka samu. Tsarin ya rufa wa mutane da yawa asiri, sai dai jigonsa sadaka ne da bara. Ba ya tambayar dalilin da ya hana yaro makaho shiga lakwal.

Ƙungiyoyin zamani ne suka zo da wannan tambaya. Makafi suka fara, da ƙungiyar UNAN a shekarun 1970, kurame da guragu suka bi sahu, kowa da tasa. A ƙarshen shekarun 1990 suka dunƙule cikin FNPH domin su tunkari gwamnati da murya ɗaya.

Wannan tunani yana da takwara a waje. A 1972, a birnin Berkeley na Amurka, wasu naƙasassu suka buɗe cibiyar rayuwar dogaro da kai. Fitacce a cikinsu shi ne Ed Roberts, wanda shan inna ta shanye wa jiki tun yana ɗan shekara 14. Manufarsu ita ce naƙasasshe ya zaɓi inda zai zauna, aikin da zai yi da wanda zai taimaka masa, maimakon a riƙa yanke masa shawara. Daga baya manufar ta shiga sashe na 19 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu ta 2006, wadda Nijar ta amince da ita a watan Yunin 2008.

A kan takarda, Nijar ba ta yi baya ba. Doka mai lamba 93-012 ta ranar 2 ga Maris 1993 ta tilasta wa duk ma'aikata ko kamfani mai ma'aikata 20 ko fiye ya ware kashi 5 cikin 100 na guraben aiki ga naƙasassu. A ranar 10 ga Disamba 2019 aka samu sabuwar doka, mai lamba 2019-62, wadda ta daidaita tsarin da yarjejeniyar duniya. Kowace shekara kuma ana bikin ranar naƙasassu ta ƙasa a 31 ga Yuli.

To amma kamfani nawa ne mai ma'aikata 20 a Cadawa, Gangara ko Cadakori? A nan gizo ke saƙa. Kason aikin yana amfanar mai digiri a Yamai ko Maraɗi, shi kuwa mutumin karkara noma da kiwo da ƴar tireda ne rayuwarsa. Dogaro da kai a wurinsa yana nufin keken da zai iya ratsa rairayi, wanda in ya lalace akwai mai walda a kusa. Takardar haihuwa, wadda in babu ita yaro ba zai zauna jarrabawa ba. Malamin da ya iya rubutun makafi ko maganar hannu. Da jarin da ba za a hana shi ba don ana ganin ba zai iya biya ba. Ga mata nauyin ninki biyu ne, domin ɗibar ruwa da itace ba sa jiran lafiyar ƙafa. A gundumar Gidan Rumji kuma, ƴan gudun hijirar da suka ƙetaro daga Najeriya tun 2019 sun zo da nasu naƙasassun, waɗanda layin rabon abinci ba ya yi musu sauƙi.

Ƙidayar 2012 ta nuna kashi 4,2 cikin 100 na ƴan Nijar na da wata naƙasa, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasta kashi 16 a faɗin duniya. Tazarar ta isa a yi zargin cewa akwai waɗanda ba a ƙirga ba, musamman yaran da iyaye ke ɓoyewa a ɗaka saboda kunya. Wanda ba a ƙirga ba, ba ya cikin lissafin kasafi.

Shi ya sa wurin da ya fi dacewa wakilan naƙasassu su matsa lamba yanzu shi ne ofishin magajin gari, inda ake rubuta tsarin raya ƙaramar hukuma. A can ake yanke ko sabon aji da ɗakin shan magani za su samu gangaren hawan keke, ko kuma matakala kawai za a yi musu.