Kafin ka tura maƙalarka ga mujallar kimiyya

A shekarar 1936, Albert Einstein da abokin aikinsa Nathan Rosen suka aika wa mujallar Physical Review ta Amurka wata maƙala a kan ƙarfin da ke sa taurari da duniyoyi su riƙa jan juna. Editan, John Tate, ya miƙa ta ga wani masani a asirce, shi kuma ya dawo da shafi goma na gyare-gyare. Ran Einstein ya ɓaci, ya rubuta cewa bai ba da izinin a nuna wa kowa aikinsa kafin a buga ba, ya janye abinsa. Ashe mai bitar ne ke da gaskiya. Da maƙalar ta fito a wata mujalla a 1937, sai ga shi an sauya sakamakonta. To, idan an kama Einstein da kuskure, ina ga ni da kai?

Wannan ita ce tantancewar masana. Ka tura aikinka, edita ya duba. Idan bai dace da mujallarsa ba, nan take zai dawo maka da shi. Idan ya dace, sai ya ba mutum biyu ko uku na fagen, waɗanda galibi ba za ka san sunansu ba, kuma ba a biyan mafi yawansu ko kwabo. Saboda haka mai karatunka na farko baƙo ne mai tarin aiki a gabansa, ba ya jin nauyinka, kuma ba ya nan lokacin da ka yi gwajin. Shi za ka sa a gaba tun daga layin farko.

Tsarin da aka saba bi sananne ne: gabatarwa, hanyar bincike, sakamako, sai tattaunawa. A ganina, hanyar bincike ce ke kayar da yawancin masu farawa. A ce ka gwada takin zamani da takin gargajiya a gonar gero. Cewa "an zuba taki, an auna amfani" bai wadatar ba. Wane irin gero ka shuka? Fili nawa ka ware wa kowane taki, kuma da ƙuri'a ka raba su ko da son rai? Akwai filin da ka bari ba taki domin kwatance? Ruwan sama nawa aka samu a daminar? Da ɗanyar zangarniya ka auna nauyin ko sai da aka sussuke ya bushe? Wanda ke Maradi ko Indiya ya kamata ya ɗauki takardarka ya maimaita aikin ba tare da ya buga maka waya ba.

A sakamako, faɗi abin da ka gani kawai, har da wanda bai yi maka daɗi ba. Fassara ta jira tattaunawa, a can ma kada baki ya wuce hujja: gwajin damina ɗaya a ƙauye ɗaya ba ya yanke hukunci a kan duk Sahel. Tsakure kuwa, wato taƙaitaccen bayanin maƙalar, bar shi sai ƙarshe, ko da yake shi ake fara karantawa.

Tsawo ba ya ƙara wa maƙala daraja. Wadda James Watson da Francis Crick suka bayyana ƙirar DNA a cikinta, a mujallar Nature a 1953, da kaɗan ta wuce shafi guda. Manyan kalmomin Turanci ma ba sa rufe raunin aiki, sai dai su gajiyar da mai bita.

Akwai kuma tarko. Da yake ƙarin girma a jami'o'inmu ya rataya ne a kan yawan maƙalu, mujallun bogi sun samu kasuwa. Su ne ke cika maka imel da yabo, su ce cikin mako guda za su buga, in dai ka biya. A 2013, ɗan jarida John Bohannon ya ƙirƙiri maƙalar ƙarya mai kurakurai a fili a kan maganin ciwon daji, ya tura wa mujallu 304. Guda 157 suka karɓa. Biyan kuɗi shi kaɗai ba alamar bogi ba ne, don akwai mujallun ƙwarai da ke caji. Duba dai su wane ne editocin mujallar, kuma ko malaman fagenka na ambaton abin da take bugawa.

Ranar da gyare-gyare suka dawo, ajiye su kwana biyu zuciya ta huce. Sannan ka bi su ɗaya bayan ɗaya: wanda ka yarda da shi, nuna shafi da layin da ka gyara, wanda ba ka yarda ba, kawo hujjarka cikin ladabi. Idan kuma an ƙi maƙalar ɗungurungum, gyara ta ka nemi wata mujallar. Amma don Allah kada ka tura ta wuri biyu a lokaci guda.